Shekarar Ɗan Lawal

Malkar bana ta daɗe. Tun da watan nan ya kama rana ba ta fito ta wuni ba. Tabarmi sun yi fumfuna, gishiri ya narke a kwano, ashana sai an ɗumama ta a bakin murhu kafin ta kama. A kangon da ke bayan gidanmu na Ƙofar Kwaya ina da 'yan karan dawa da nake sa a shuka mani kowace shekara, ba don ci ba, don dai ido ya ga kore. Ranar Asabar da hantsi ruwa ya ɗan tsagaita, na fita tare da jikata Ummi da ta zo hutu daga jami'a. Na kamo zangarniya ɗaya na karkaɗa a tafin hannuna, don hannun ya saba. Sai ga 'yan ƙwari sun zubo, uku ko huɗu, suna gudu tsakanin yatsuna.

"Hajiya, tsaya, kar ki yar," in ji Ummi. Ta kara wayarta ta ɗauki hoto, ta ɗan lallatsa. Kafin in goge hannu a zane ta karanto mani wani dogon suna na Latin, wanda harshena ba ya iya juyawa amma kunnena ya san shi sarai. Ta juyo mani da fuskar wayar. Ga taswira an ɗiɗɗiga mata ja, tun daga Senegal, ta Mali, ta Nijar, ta kanmu, har Sudan.

"Kin gani? Ko'ina akwai shi. Ƙwaron dawa ne kawai."

Na ce ta ɗauko mani kujera. Abin da wayar nan ta gaya mata kafin in gyara ɗaurin zane, kakanta ya ci shekarun ƙuruciyarsa yana nema.

Sunan maigidana Lawal. Yau da ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma na tsufa, hannuna na iya rubuta sunan, amma bakina bai taɓa faɗinsa ba. Malam nake ce masa, haka kuma zan ci gaba da kiransa a nan.

An kai ni gidansu a Ƙofar Marusa shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Gidan ƙasa ne mai zaure biyu. Mahaifinsa, da muke kira Baba, maɗinkin manyan riguna ne, ya wuni a zaure da allura da zare, amma da damina ta faɗi sai ya naɗe ɗinki ya koma gonarsa ta gado da ke hanyar Batagarawa. Daga wannan gona gidan ke ci. Dawar da suke shukawa farafara ce doguwa, irin da sai mutum ya ɗaga kai hularsa ta faɗi kafin ya ga zangarniyarta. Kanta a warwatse yake, yana lilo kamar gezar doki. Aibinta ɗaya, ba ta sauri. Tana son ruwa ya kai ta har ƙarshen damina.

To shekaru biyu a jere kafin a kai ni ruwa ya ɗauke da wuri. Dawa ta yi ciki ta tsaya, ta bushe a tsaye. Na tarar da rumbun gidan ana shiga cikinsa da tsintsiya.

Malam a lokacin sabon malamin gona ne, bai daɗe da gama karatu ba. Wata rana da bazara ya shigo da buhu a bayan kekensa, ya sauke a tsakar gida, ya kira Baba da mahaifiyarsa Inna. Ya ce sabon iri ne, gajera, iyakarta ƙirjin mutum, tana nuna tun kafin ruwa ya yi tunanin ɗaukewa. Baba ya ɗebi ƙwayar ya murza, ya jefa ɗaya a baki ya tauna.

"Mi ne sunanta?"

"Ba ta da suna, Baba, lamba gare ta."

"Hatsi mai lamba kamar mota," in ji Baba, ya yi dariya. Amma ya daɗe yana kallon buhun.

Inna ce ta ce a raba gona biyu, rabi sabuwa rabi tsohuwa. Baba ba mutumin rabi-rabi ba ne. Ya ce ai ya gaji da kallon sama yana roƙon kwana goma, tunda ɗansa ya yi karatun abin, a ba shi gonar duka. Ya kuma fita zaure ya gaya wa maƙwabta. Maganarsa na da nauyi a unguwa, sai gidaje uku suka bi shi, ciki har da Malam Barau marini, mai 'ya'ya da yawa da gona ƙarama. Inna ta ƙyale shi. Ta dai bar 'yan zangarniyoyin tsohuwar dawa rataye a rufin madafa inda hayaƙi ke dukansu, da aka zo shuka ta ba ƙanen Malam, Mamman, ta ce ya zuba mata kunya biyu a bakin iyaka.

Ba na manta ruwan farko na shekarar. Mun wuni cikin zafi mai sa bango ya yi ta huci, kaji sun buɗe baki a gindin randa. Da la'asar gabas ta haɗe, iska ta kwashe faifayi da murafu, sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gida har sai da na ji ina son in ɗebi bango in ci, don ina da ƙaramin ciki a lokacin. Gari na wayewa maza suka fita da sungumi.

Daga nan ruwa bai yi mana rowa ba. Aka yi noman firi, aka yi maimai. Ranar gayya tun da sanyin safiya ni da Inna muka hau dakan fura, muka yi dambu cike da babbar tukunya, Mamman ya yi ta jigila da keke. Ni ba na fita, gonar a bakinsu nake ganinta. Da yamma za su dawo ƙafafu duk laka, su zauna a tsakar gida suna wanke garma, Baba na ba Inna labari da ƙarfi don in ji daga madafa.

"Kin ga zangarniyar kuwa? Dunƙule take kamar hannun ɗan dambe. Ko allura ba ta shiga."

Mutane suka riƙa tsayawa a bakin hanya suna kallo. Dawar mutane ko ciki ba ta yi ba, tamu ta fitar da kai ta yi bununi. Baba ya ɗinka wa Malam hula da hannunsa, abin da Inna ta ce bai taɓa yi wa kowa a gidan ba. Ranar Juma'a suka tafi masallaci tare, kafaɗa da kafaɗa, kamar aboki da aboki.

Sai dai shekarar da aka yi shirin fari, ita ce shekarar da ruwa ya ƙi tafiya. Malka ta zauna. Sama ta rufe, yayyafi safe da yamma, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya riƙa sa mu hawaye. Katangar bayan gida ta zube. Cikin wannan laima dawar ta shiga nono, wato lokacin da in ka matsa ƙwaya farin ruwa zai fito.

Wata ranar Talata Baba ya dawo tun kafin azahar, abin da bai saba ba. Bai yi sallamar da ya saba yi da ƙarfi ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce a kawo masa faifai. Ni na kawo, na durƙusa na riƙe. Ya zaro zangarniya daga cikin rigarsa ya buga a kai sau biyu.

Faifan ya yi rai. Ƙananan ƙwari ne, babbansu bai kai ƙwayar shinkafa ba, ruwan ƙasa da ɗan kore-kore, wasu da ɗigon ja a baya. Akwai 'ya'yansu kore shar, ba fiffike, suna gudu kamar an watsa ruwa a kasko mai zafi. Manyan suka tashi, ɗaya ya sauka a wuyan hannuna. Inna ta sunkuya ta duba. Ta ce ba fara ba ce, ba hangara ba ce, ba tsutsar kara ba ce. Ita dai tun tasowarta ba ta san wannan ba. Baba ya ɓare ƙwayoyin da farce. Kowace da ɗan tabo ja kamar an soka mata allura, wasu sun motse, wasu sun fara baƙi.

Da Malam ya dawo daga aiki ya ɗauki gilashinsa na ƙara girman abu ya daɗe a kan faifan. Ya ce bakin ƙwaron kamar tsinke yake, a naɗe ƙarƙashin ciki, da shi yake tsotse nonon. Baba ya tambaye shi sunansa. Ya ce bai sani ba, ba a koya masu shi ba.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan ni shaida ce. Ya nemo magani da kyar, ya goya tankin feshi da kansa har bayansa ya saɓule, ya fesa tamu ya fesa ta maƙwabta. In ya fesa da safe, kafin azahar ruwa ya wanke. Zangarniyar kuma da ake yabo don ta dunƙule, ita ta zame wa ƙwarin ɗaki. Suna can ciki, magani ba ya kai masu, tsuntsu ba ya ganinsu.

Aka yi girbi cikin agazari, ba kiɗa ba guɗa. Damin da ƙato ke nishi kafin ya ɗaga, Mamman na ɗauka da hannu ɗaya. Kunya biyun nan na Inna kuwa, tsohuwar dawa, ta fitar da kai bayan ruwa ya ɗauke, ta nuna fes, ba tabo. Dami ɗaya da rabi aka samu. Baba ya sa aka jingine shi daban a zaure, duk wanda ya shigo sai ya gan shi.

A turmi na san girman abin da ya same mu. Dawa mai kyau in ka yayyafa mata ruwa ka hau surfe, dusa ce ke fita ta bar ƙwaya fara tas. Wannan kuwa taɓarya na sauka sai ta ruguje, dusa da tsaki da gari su haɗe. In na bakace, rabin ƙwarya iska ke kwashewa. Abin da ya rage warin fumfuna yake. Na tuƙa tuwo ya fito jaja-jaja, ya ƙi kama jikinsa, in an kwashe a akushi kafin a kai zaure ya saki ruwa. Daren farko da na kai, akushin ya dawo kusan yadda ya tafi. Na zauna a madafa ina kuka don na ɗauka hannuna ne. Inna ta zo ta dafa ni.

"Ba ke ba ce, ɗiyata. Ko ni na tuƙa haka za shi yi."

Ban san wanda ya fara ba, amma kafin wata ya mutu ƙwaron ya samu suna a unguwa. Ɗan Lawal. A majalisa ana faɗi, a bakin rijiya ana faɗi. Yara suka mayar da shi waƙa, in sun ga Malam ya tura keke sai su bi shi daga nesa suna tafi: "Ɗan Lawal, ɗan Lawal, sha nono bar ƙaiƙayi." Matan da ke shigowa gidanmu sukan faɗi sunan, sannan su tuna, su kalle ni su rufe baki. Ni da ba na iya kiran sunan mijina don kunya, sai ga shi ina jinsa a bakin kowa a kan abin da ya cinye abincin mutane.

Wata yamma Malam Barau ya zo zaure. Bango ɗaya ne tsakanin zauren ciki da madafa, ina jin komai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce shi bai zo neman komai ba, ya zo ne ya shaida wa Baba zai tura manyan 'ya'yansa biyu ci-rani kudu, don ba abin da zai ba su. Ya ce shi maganar Baba ya bi, ba ta yaro ba. Ya yi sallama ya tafi.

Sannan na ji muryar Baba.

"Ka ji abin da ka kawo muna a buhu."

"Baba, ba a buhun ya zo ba. Ƙwaro irin wannan ba ya zama cikin busasshen iri."

"To daga ina ya zo? Tun ina bin ubana da ƙoƙon iri nike noman wagga gona, ban taɓa ganin shi ba. Ka kawo hatsinka, ya bayyana. Ga ta uwarka nan jingine, bai taɓa ta ba. In ba kai ka kawo shi ba, gaya mani daga ina ya zo."

Baba ya tashi ya ɗauki damin nan na Inna, ya cire 'yan zangarniyoyin iri, ya sa Mamman ya kai sauran gidan Malam Barau.

Iyakar faɗan ke nan. Ba zagi, ba kora. Amma daga ranar Baba bai ƙara yi wa Malam maganar gona ba, shi ma bai ƙara yi masa ba.

Na haihu cikin sanyi, namiji. Rumbu ya ƙare tun rani bai raba ba. Azumin shekarar kuma ya faɗo a tsakiyar bazara. Wanda bai yi azumi cikin bazarar Katsina da rumbu wayam ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Tun hantsi ƙasa ke ƙuna, ba a taka tsakar gida ba takalmi. Mukan jiƙa zane mu lulluɓa, kafin a jima ya bushe ƙayau. Inna ta shiga tsimi irin na mutanen da. Dusar da a da ta awaki ce, ita ake jiƙawa a tace a dama kunu, tsararo, kana hango gindin ƙoƙo. Busasshiyar tafasa da rama da ta adana tun damina su ne kwaɗon buɗa-baki, da ɗan ƙuli-ƙuli a marmasa. Albashin Malam kan sayo masara da garin rogo, amma bakuna sun yi yawa, kuma rabi yakan bi ta ƙofar baya zuwa gidajen nan uku ba tare da Baba ya sani ba. Baba ma ashe yana aika nasa ta ƙofar gaba. Sai daga baya ni da Inna muka gane kowannensu na ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya.

Ni an hana ni azumi saboda goyo, amma nono ya ja baya. Yaron ya kama ya tsotsa ya saki ya yi ta kuka, muryarsa har ta dushe. Inna kan sha ruwa da dabino ɗaya in an kira salla, ta turo mani ƙoƙonta ta ce ita kunu na tayar mata da zuciya. Na san ba gaskiya ba ne, na kuma shanye. Allah ya raya yaron, shi ne mahaifin Ummi.

Da damina ta dawo Baba ya koma tsohuwar dawa. Da zai fita shuka Mamman ya kira, bai kira Malam ba. Malam na tsaye a bakin ɗakinmu da tsofaffin kayansa na gona a jiki. Ya ji fitarsu, ya koma ciki ya tuɓe, ya sa kayan aiki.

Tun daga nan tambayar Baba ta zauna masa. Ya tara ƙananan kwalabe ya zuba masu wani ruwa mai warin asibiti. Duk kaka, in ya samu hutu, sai ya hau mota. Daura, Dutsin-ma, Funtuwa, Jibiya, har ya ƙetara Maraɗi. Ya shiga gonakin mutanen da ba su taɓa jin labarin buhunsa ba, ya roƙi izini, ya karkaɗa zangarniya a farin ƙyalle. Direbobi da fatake ya riƙa ba su kwalabe. In ya dawo sai mu baje a faifai ni da shi, ya ba ni gilashin. Ni ma har na gane su. Akwai wani siriri dogo, kore fatau, ba shi ba ne. Akwai wani ɗan mitsitsi fari-fari, shi ma ba shi ba ne. Namu gajere ne mai ɗan faɗi, kuma gindin gashin da ke kansa kauri gare shi kamar an ɗaura masa zare. In na ce "ga shi", sai Malam ya karɓa ya duba, ya ce, "Shi ne. Wannan daga Maraɗi. Kin ga har can akwai shi."

Na ce, "To ka gaya wa Baba mana."

"Za shi ce can ma irinmu ya kai shi. Ba inda yake ya tambaye ni ba. Daga ina ya zo ya ce."

Kowace safiya yakan je ya durƙusa ya gaida Baba a zaure. An tashi lafiya, lafiya lau, ya aiki, da godiya. Baba idonsa na kan allura, Malam idonsa na kan tabarma. Inna ta yi magana har ta gaji. Ta ce da Baba ya ja ɗansa a jiki, ya ce shi bai kore shi ba. Ta ce da Malam ya bi ubansa gona ko ba a kira shi ba, ya ce da wane ido.

Da aka buɗe gurbi a wata cibiyar binciken noma wajen Zariya, ya nema ya samu. Baba ya sa masa albarka a taƙaice. Muka tashi. Can muka haifi sauran yaran. Katsina sai da salla, kwana biyu mu juya. Inna ta rasu muna can.

Amsar ta zo ne ta bakin wani baƙo, mutumin Mali, da ya zo aiki cibiyar. Malam ya kawo shi gida cin abinci, ya fito masa da kwalaben. Mutumin ya duba ɗaya ya yi murmushi, ya faɗi sunan nan na Latin. Ya ce su ma ya yi masu ɓarna, kuma an same shi tun daga bakin teku a Senegal har gabas wajen Sudan, duk inda ake noman dawa. Ya ce ba baƙo ba ne, ɗan ƙasa ne, ya girmi kakanninmu. Tsohuwar dawa ba ta ba shi fuska ne kawai, don kanta a buɗe yake, ɓawonta na rufe ƙwaya har ta yi tauri, kuma ba ta yin nono sai laima ta wuce. Malam ya tambaye shi inda ƙwaron ke zama in babu dawa a gona. Ya ce a duba zurma.

Malam ya ajiye cokali. Zurma, cika-gida, wadda ke fitowa a kowane juji. Akwai ta a bakin rijiyar gonar Baba, akwai ta a bayan katangar gidan Ƙofar Marusa, inda nake zubar da toka.

Bai jira salla ba. Da kaka ta yi ya ɗauki hutu muka taho. Ko ruwa bai sha ba ya zagaya bayan gida da farin ƙyallensa, ni ina leƙe ta kan katanga. Ya kama furen zurma ya karkaɗa. Ya tsaya yana kallon ƙyallen, sannan ya ɗago ya kalle ni, ya gyaɗa kai. Gemunsa ya fara furfura a lokacin.

Baba ya tsufa ƙwarai. Ɗinki ya cinye masa idanu, yanar ido ta rufe su duka biyu, ya bar zaure ya koma ɗaki. Na shiga da kunu na durƙusa gefe. Malam ya shigo da reshen zurma a hannu ɗaya, ƙyalle a dunƙule a ɗayan. Bayan gaisuwa ya gyara zama kamar yaro gaban malami.

"Baba, na zo da amsar tambayarka."

"Wace tambaya?"

"Ta ƙwaron nan. Ka ce in gaya maka daga ina ya zo."

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryar. "Wane ƙwaro?"

"Na shekarar gajerar dawa."

Baba ya yi ta lalube a ransa. Sannan ya ce, "Af. Ɗan Lawal." Ya yi 'yar dariya, dariyar ta tsaya. "Kai, har yanzu kana nan wurin?"

Malam ya shiga bayani, Mali da Sudan da ɓawon dawa. Ya kama hannun Baba ya ɗora masa reshen. Baba ya shafa ganyen, ya sansana, ya ce zurma ce. Ya bar shi ya kai aya, bai katse shi ba. Sannan ya ce:

"Ni na faɗi magana cikin zafin rai, don Barau ya kunyata ni a zaurena. Kafin azumin shekarar ya fita na bar ta. Ni na ce a shuka gonar duka, uwarka ta hana ni ban ji ba. Da na ga ka ɗauke ƙafa, na ce yaron nan ya riƙe ni a rai, bari in ƙyale shi har shi huce. Ashe kai ƙwaro ka tahi nema."

"Ba ka kira ni shuka ba, Baba."

"Ana kiran mutum gonar ubanshi?"

Kunun da na kawo ya yi sanyi a gabana. Baba bai saki hannun Malam ba, yana ta shafa shi kamar mai auna yadi. Can ya ce hannun ya yi laushi, ya zama na mai biro. Ya ce Mamman ba ya iya tsayar da kunya, duk a karkace yake yinta.

"Baɗi ka zo shuka. Ko ban gani ba, ka zo ka ba ni labari."

"In sha Allahu, Baba."

Malam ya shirya hutunsa tun da wuri don ya dace da faɗuwar damina. Ya sayi sabon sungumi a kasuwa ya jingine a bayan ƙofa, yaran na ta yi masa dariya. Saura 'yan kwanaki mu taso aka aiko Baba ya rasu, zazzaɓin kwana biyu. Muka iso an riga an kai shi.

Ruwan shuka ya sauka ranar sadakar uku. Washegari Malam ya ciro irin tsohuwar dawa daga rufin madafa, ya fita shi da Mamman. Suka wuni. Da la'asar ya dawo jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Ina tsakar gida ina tankaɗe. Bai tsaya wanke ƙafa ba, ya wuce ni kai tsaye zuwa ƙofar ɗakin Baba, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama.

Sai da ya yi ta sau biyu sannan ya tuna.